Fijon Malam: Kwana Shida a Tudun Wadan Zariya

Wannan karon ba labarin soyayya na kawo muku ba, ko da yake in kun daure kun bi ni za ku ga ita ma ta ɗan leƙo. Biki ne ya kai ni Zariya a watan Disambar 2024, bikin 'yar Gwaggona. Na tafi da niyyar lalle da kitso da anko, sai ga shi na ƙare da baƙin mai har gwiwar hannu.

Ranar Litinin da hantsi na hau mota a Unguwa Uku, hazo ya rufe gari, kowa ya ƙudundune cikin mayafi. Muka wuce Kura, muka wuce Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, kafin azahar aka sauke mu a Kwangila. Daga nan na tari a-daidaita-sahu, muka bi ta PZ, muka haye gadar Kubanni. Duk wadda ba ta san Zariya ba, to ta riƙe wannan rafi, domin shi ne ya raba Sabon Gari da Tudun Wada. Kina hayewa za ki ji gari ya canza: Hausa ta ƙara yawa a kunne, ga masu ɗinkin hula da aska tara a bakin shaguna, ga ɗalibai rungume da littattafai, ga almajirai.

Ita Zariya ai gari uku ce a cikin ɗaya. Akwai Birni, cikin ganuwa, inda fadar Sarkin Zazzau take. Akwai Sabon Gari, wanda ya tashi a gefen tashar jirgin ƙasa, inda mutanen Kudu suka zauna. Sai Tudun Wada a tsakaninsu, wadda aka kafa a zamanin Turawa domin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun Birni ba, Kanawa da Katsinawa da Nufawa da Barebari da sauransu. Shi ya sa in kin tambayi tsohon Tudun Wada asalinsa, sau da yawa sai ya ambata miki wani gari can daban. Kuma unguwa ce ta takarda da alƙalami. A wannan ɓangaren ne kamfanin Gaskiya yake, wanda aka kafa a 1945, gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939 da Alhaji Abubakar Imam a matsayin edita. A kan hanyar Gaskiyar ne kuma kwalejin Barewa take tun da aka dawo da ita Zariya a 1949. Ga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake karatun shari'a da aikin mulki. Tsohon asibitin koyarwa ma a nan Tudun Wada yake kafin a koma Shika a 2005, Gwaggo ta ce a cikinsa ta haifi 'ya'yanta duka. 'Yan makaranta, ku riƙe waɗannan, wata rana za a tambaye ku.

Gidan Gwaggo na cikin wani lungu ba nisa da Agoro. Ina yin sallama, tun kafin in cire takalmi, na gane gidan ba lafiya. Gidan biki saura kwana biyar, amma tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Amarya na ƙuryar ɗaki idanu sun yi jawur, Gwaggo na tsintar shinkafa ba ta ko ɗaga kai sosai. Auta ce ta ja ni gefe, ta nuna mini da baki can gindin darbejiya, inda wata mota take lulluɓe da tsohuwar tamfol.

Fijon Malam ce. Peugeot 504 fara, wadda mijin Gwaggo, Allah ya jiƙansa, ya saya sabuwa fil a 1982 da rancen mota, lokacin yana koyarwa. A cikinta aka kawo Gwaggo gidan nan tana amarya. A cikinta aka kai yayyensu mata biyu ɗakunansu. Kuma kafin rasuwarsa a 2021 ya sha faɗa wa wannan amaryar, cikin wasa cikin gaske, cewa ita ma a cikinta zai kai ta. Bayan rasuwarsa Yayansu ya ci gaba da hawa, har ranar da fambel ya tsinke masa a hanyar Kaduna cikin damina, shi kuwa maimakon ya tsaya, sai ya ce bari ya lallaɓa ya ƙarasa. Tun daga ranar motar ke shan ruwa kamar raƙumi, tana tururi, tana fitar da farin hayaƙi. Aka ajiye ta.

To yanzu Baffansu, wanda shi ne waliyyi, ya zo da shawara: akwai masu sayen tsofaffin ƙarafa da suka yi tayi, a sayar a ƙara kuɗin a cikin kayan ɗaki. Ni dai a ganina Baffa bai faɗi abin banza ba. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 wa ke sha'awar tsohuwar mota? Ga gado da katifa da kujeru kullum farashinsu sama yake yi. Amma amarya ta ce ta yarda a kai ta da tabarma, ba ta yarda a sa guduma a farfasa motar Babanta ba. Ango ma ya aiko cewa abokansa sun shirya motoci na gani na faɗa, ta ce ta gode, su biyo ta a baya. A ƙarshe Baffa ya ce to, ya ba su zuwa daren Juma'a. In ta tashi, a kai amarya a cikinta. In ba ta tashi ba, ranar Lahadi masu ƙarfe za su zo da abin ja.

Auta kuwa, wadda ke karatun injiniyan injuna a kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ita ce ta ce za ta gyara. Na dube ta sama da ƙasa, yarinya siririya da ɗan hijabinta, na ce, "Ke Auta, rufa mana asiri." Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai ba ni kaɗai ba ce, gobe Baba zai zo."

Kafin in gaya muku ko wane ne Baba, bari in ɗan yi wa ƙannena bayanin wannan mota, don na san da yawanku kun tashi ba ku same ta tana yayi ba. A ƙasar Faransa aka fara ƙera 504 a 1968, a 1969 ta ci kambun motar shekara ta Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya, wanda ake yi cikin laka da duwatsu. A 1975 ɗin ne kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, aka yi ta haɗa 504 a can shekaru wajen talatin, har bayan su kansu Faransawa sun daina yin ta. Ita ce motar gwamna, ita ce ta sakatare, ita ce ta hedimasta. Doguwarta ita ke jigilar fasinja daga Kano zuwa Sakkwato, mai buɗaɗɗen baya kuwa, a-kori-kura, ita ke kwasar buhuna ranar kasuwa. Iyayenmu da yawa a cikinta aka kai su gidan miji.

Shi Baba tsohon abokin Malam ne, kuma ya yi shekaru yana aiki a wannan masana'anta ta Kakuri kafin ya dawo gida. Ranar Talata da sassafe ya iso, da sanda, da wata tsohuwar jakar buhu cike da sufanu. Hannunsa na rawa, ido ya yi rauni, don haka ya ce shi nasa baki ne, hannu na 'yar Malam. Aka shimfiɗa masa tabarma. Da aka yaye tamfol ɗin sai ya yi shiru, ya shafa bonet ɗin, ya ce, "Allah ya jiƙan maza." Gwaggo ta juya ta shige ɗaki.

Abu na farko, ya sa Auta ta zaro geji, wato ɗan siririn ƙarfen da ake duba mai da shi. Maimakon baƙi ko ruwan zuma, sai ga mai ya fito kamar shayi mai madara. Ya sa ta buɗe murfin da ake zuba mai, can ma ga wani farin kumfa kamar kindirmo. Baba ya ce, "Shi ke nan, ruwa ya auri mai." Ya yi mini bayani a hankali, don ya ga na saki baki. Inji gida biyu ne, na ƙasa da na sama, na saman shi suke kira tof silinda. A tsakaninsu akwai wani faifai mai ramuka da ake kira gaskit, aikinsa ya raba abu uku kada su haɗu: wutar da ke ci a kan fistin, ruwan da ke sanyaya inji, da man da ke sa ƙarfe ya zame a kan ƙarfe. In inji ya yi zafi fiye da kima, sai gaskit ya ƙone, ruwa ya tsallaka cikin mai. Man da ya sha ruwa kuwa ba ya hana gogayya, in aka ci gaba da tafiya a haka sai inji ya buga, daga nan kuma sai dai a yi maganar wani injin. Ya sa ta ɗora sufana ta juya injin da hannu, ya juyu. Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauran numfashi."

Aka cire kan batir. Aka zubar da ruwan lagireto. Auta ta shimfiɗa kwali, ta kwanta ta shiga ƙarƙashin mota, ta kwance notin da ke gindin inji, ni kuma aka ba ni aikin tara tsohuwar roba. A ƙa'ida, in ji Baba, in za a yi juyen mai akan ɗan tayar da mota ta yi ɗumi domin man ya saki jiki ya fita duka, amma wannan da yake ruwa ya shiga, bai yarda a tayar ba. Muka yi ta jira yana ɗiga. Ina miƙewa kuwa sai gefen zanena ya tsoma cikin robar. Wayyo atamfata! Har yau tabon na nan, na mayar da ita ta shiga kicin.

Wurin da na ga ilimin tsoho shi ne wajen ɗaga tof silinda. Da farko an zare wasu dogayen sanduna guda takwas masu tura bawul, Baba ya sa aka huda kwali aka jera su ɗaya bayan ɗaya, ya ce kowace sai ta koma ramin da ta fito, don kowace ta saba da mazauninta. Ya ɗora mini gadin kwalin, ya ce ko kaza ta matso in kore ta. Sannan aka sassauta manyan notuna kaɗan-kaɗan, daga na gefe zuwa na tsakiya. Auta da Yayansu suka kama za su ɗaga sama, sai Baba ya daka tsawa, har amarya ta leƙo ta taga.

"Kai! Kada ku kuskura! Wannan ba irin motocinku na yanzu ba ce."

Ashe a injin 504 ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki ba a jikin injin aka fafe su ba. Wasu bututun ƙarfe ne guda huɗu da ake zurawa, ruwa na zagaye su, kuma tof silinda ne ke danne su. In aka fizge shi sama, sai su biyo shi, abin da ya toshe gindinsu ya motsa, ruwa ya riƙa zuba cikin mai ko da an sa sabon gaskit. Sai dai a girgiza shi gefe da gefe har ya rabu da su, sannan a ɗauke. Bayan an ɗauke kuma, ya sa aka danne bututun da manyan wasa da noti, ya ce duk wanda ya juya injin nan kafin a rufe, shi da shi ne. Auta ta ce wannan ba a koya musu a aji ba. Ga gaskit ɗin kuwa, ya ƙone ya yi baƙi a gefen rami na uku, har ya tsage.

Sai kuma wata sabuwa. Baba ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar tof silinda, ya ce Auta ta tsuguna ta hanga. Haske na wucewa ta tsakiya. Shi na saman da alminiyom aka yi shi, na ƙasan da baƙin ƙarfe, zafi ya sa na saman ya ɗan lanƙwashe. Dole a kai shi wurin masu injin gyaran fuska su ɗebe masa kaɗan ya daidaita. Ranar Laraba aka ɗora shi a a-daidaita-sahu, ni da Auta muka haye Kubanni zuwa Sabon Gari. Babu wuta. Muka zauna a benci tun hantsi har la'asar, maza na wucewa suna kallonmu, wani har da cewa ko mun ɓata hanyar gidan kitso ne. Auta ba ta tanka ba, ni ce dai na harare shi. Sai ranar Alhamis da rana aikin ya fito.

A nan ne kuma na yi tawa wautar. An ba mu kuɗin gaskit da galan ɗin mai, ni kuwa da son a ce na iya ciniki, na ja Auta wani shago da aka rage mana kusan kashi ɗaya cikin uku. Muna kawowa Baba ya lanƙwasa gaskit ɗin da yatsa biyu, ya ɗora a kan tsohon, sai ga ramukan ruwa biyu ba su hau daidai ba. Galan ɗin ma ya duba bakinsa, ya ce an taɓa buɗe shi an sake liƙewa. Ya dube ni ya ce, "'Yata, araha ba ta ado." Kunya kamar in nutse. Mai shagon ya ƙi karɓa, kuɗi sun tafi. Amarya ce ta fito ba ta ce da kowa komai ba, ta kwance bakin zanenta ta miƙo kuɗin da aka ba ta na gyaran jiki.

Daren Alhamis aka yi kamu, mata cike da gida, ana guɗa ana feshin turare, mu kuwa muna gindin darbejiya. Ango ya zo da abokinsa wai gaisuwa, ya ga abin da ake yi, sai ya naɗe hannun babbar rigarsa ya karɓi tocila. Awa biyu yana tsaye yana haska wa ƙanwar matarsa. Na san wata a bayan labule da ta ga wannan, kuma na san ya fi mata akwati goma.

An kankare fuskokin biyu tas, an goge ramukan notuna don kada mai ko ruwa ya kwanta a ciki. Aka ɗora sabon gaskit a bushe, aka sauke tof silinda a hankali. Ɗaurin kuwa akasin kwancewa ne, daga tsakiya ake farawa a yi ta zagayawa zuwa gefe, kuma ba a lokaci ɗaya ba, sai an bi su zagaye bayan zagaye da wata sufana mai awo da Baba ya fito da ita daga cikin tsumma kamar zinariya. Ya ce ɗaurin "ya isa haka" shi ke kashe gaskit. Ranar Juma'a da safe aka mayar da sandunan nan takwas nawa, ba wadda ta ɓata, aka daidaita bawul, aka sa sabon fambel.

Juyen man shi ne mai sauƙi, kuma ina ganin kowace mace da ke da mota a gidansu ya kamata ta iya. An mayar da notin ƙasa da sabon wasa na jan ƙarfe. An shafa ɗan mai a robar bakin sabuwar filta, aka ɗaura ta da hannu kawai, ba da sufana ba. Aka zuba mai mai lamba 20W-50, wanda shi tsofaffin injuna ke so a ƙasa mai zafi irin tamu, wajen lita 4, ana zubawa ana duba geji har ya tsaya tsakanin zane biyu, don yawansa ma illa ne. Tsohon man kuwa Baba ya hana a zuba a kwata, ya ce rijiyoyin unguwa zai gangara. Aka ɗura shi a galan. Ya kuma gargaɗe mu da abu biyu: kada mu yarda da masu cewa baƙin mai maganin ƙuraje ne ko ciwo, guba ce a fata, kuma kada a taɓa buɗe murfin lagireto mota na da zafi, ya nuna mana tabon da ke wuyan hannunsa.

Bayan an sauko daga masallaci Baffa ya iso, ya tsaya hannu a baya. Aka zuba sabon fetur, aka ɗaura batir ɗin aro. Auta ta shiga ta yi bisimilla ta murɗa makulli. Ta yi ƙara ta mutu. Ta sake, haka. Zuciyata kamar ta faɗo. Baba ya ce a ɗan ɗiga fetur a bakin kafireto. A karo na huɗu sai ta yi tari, ta girgiza, ta kama! Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, yara suka ɗauki ihu, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Baba ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru, ba a gama ba. Muka tsaya kusan rabin awa muna kallon allurar zafi da bakin salansa. Farin hayaƙin ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Aka kashe, ta huce, aka zaro geji: mai garau kamar zuma.

Baffa ya zagaya motar sau ɗaya, ya share ido da gefen rawani, ya ce wai hayaƙi ne ya shigar masa. Bai ce an fasa sayarwa ba, ya dai ce a bar maganar sai bayan biki.

Daren Asabar aka fito da amarya lulluɓe, tana kuka, aka sa ta a kujerar baya tsakanin Gwaggonninta biyu. Yayansu ne ya ja, Auta na gefensa da jarkar ruwa da sufana a cikin jakar biki, idonta a kan allura. Motocin abokan ango masu sheƙi suka jeru a bayanmu, dole suka bi tafiyar tsohuwa. Muka miƙe muka shiga Birni ta Ƙofar Doka, tsofaffin da ke zaune a bakin hanya suna nuna ta da hannu. Gwaggo ba ta bi mu ba, kamar yadda aka saba, amma an ce ta daɗe tsaye a zaure bayan mun tafi.

Ranar Lahadi da zan koma Kano na tarar da Auta ta rubuta lambar da ke kan mitar motar da gawayi a jikin bango. Baba ya ce in ta ƙara kilomita 1,000 a kira shi, za a sake bin notunan nan da sufana mai awo, a kuma sake juye man, domin ragowar ruwan da ya maƙale a lungunan inji. Masu ƙarfe sun zo da hantsi, Yayansu ya fita ya sallame su a ƙofar gida. A Fijon aka kai ni Kwangila.